In za ka je taron mawaƙan matasa, ga yadda ake jin daɗinsa

Damina na janyewa an fara kai hatsi gida, sai ka ga sanarwa ta fara yawo a WhatsApp, wai ƙungiyar mawaƙan matasan coci ta gunduma kaza tana gayyatar kowa da kowa taron waƙa ranar Asabar ƙarfe goma na safe daidai. Daga Kafanchan da Zonkwa zuwa Jos, Gindiri, Pankshin, Tafawa Ɓalewa, Kaltungo da Billiri har can Numan da Mubi, da wuya ka sami ikilisiyar da ba ta irin wannan taro, wasu gab da Kirsimeti, wasu lokacin Ista, wasu kuma a dogon hutun Agusta da 'yan makaranta ke gida. Jama'a na zuwa sosai kam, amma in ka lura da yadda ake zuwan, da yawa ba sa jin komai. Mutum ya zo a makare ya zauna gindin lasifika, ya ɗaga waya ya ɗauki 'yan cocinsu, suna sauka shi ma ya fice neman keke. Toh wannan ai ɗaukar hoto ya je, ba sauraron waƙa ba. Ni abin da zan faɗa shi ne yadda ake zuwa a zauna a ji abin tun daga farko har ƙarshe, ko kana da ɗa a cikin mawaƙan ko ba ka da kowa, ko ma kai ba Kirista ba ne maƙwabci ne ya gayyace ka.

Ka fara tambayar wanda ya turo maka sanarwar wane irin taro ne, don ba duka ɗaya ba ne. Akwai ranar mawaƙa wadda coci ɗaya ke shiryawa ta gayyato ƙungiyoyin maƙwabta, wannan babu alƙalai babu maki, kowa ya yi waƙa biyu ya sauka, a yi baiko, wato tara kuɗin sadaka na coci, a ci shinkafa a watse. Akwai gasa, mai alƙalai da kofi da hawaye, wadda ake hawa mataki mataki, a cocin ECWA da na EYN za ka ji ana ta cewa LCC da DCC, a cocin COCIN kuma LCC da RCC, ma'ana daga 'yan cocin da ke kusa da juna har a kai gunduma baki ɗaya. Sai kuma babban taro na kwana biyu ko uku da matasa ke kwana a azuzuwan makaranta kan tabarma, da wa'azi da nazarin Littafi Mai Tsarki da safe, waƙa kuma da yamma. In na kwana ne kuma kai baƙo ne, tambayi ranar da ake waƙar kawai ka je ranar. Waɗancan manya na gwamnati, irin na Uyo da aka tara mawaƙa 25,272 a Disamba 2014 har ya shiga kundin Guinness, ko wanda ake yi a Du kusa da Jos wurin allon Dokoki Goma, su wani abu ne daban, kallo ake zuwa yi daga nesa. Ni na unguwa da na gunduma nake nufi, inda ka san uwar mai solo, wato mai rerawa ita kaɗai, kuma ka san wanda ya ara musu janareto.

Kar ka damu da batun yare. Berom ne, Ngas ne, Bajju, Atyap, Tangale, Zaar, Bachama, Bura ko Margi, in sun haɗu a taro ɗaya Hausa ce ke haɗa su, tun zamanin da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932 ake sujada da ita a yawancin cocin Arewa, don haka sanarwa da yawancin waƙoƙi za ka ji su rangaɗau, sai dai Hausar tana da nata ɗanɗano wanda Bakano zai yi murmushi in ya ji.

Maganar lokaci yanzu. An rubuta ƙarfe goma, ni da kai mun san sha biyu za ta yi ana nan ana gwajin makirfo, wan tu wan tu. Duk da haka ka zo da wuri, ba don ka zauna kana kallon kujerun roba ba, a'a, ka zagaya bayan coci. Can ƙarƙashin mangwaro da gefen ajin Sande Sukul, makarantar yara ta ranar Lahadi, za ka tarar kowace ƙungiya ta ja gefe tana praktis na ƙarshe, babu makirfo babu kibod, muryarsu ce tsirara, kwaya masta, wato mai koya musu waƙa, na ta faɗa don 'yan alto, mata masu ɗan kaurin murya, sun sake makara wajen shiga, wani ɗan bas, cikin maza masu muryar ƙasa, yana ɗaure da nektai ɗin aro yana rera nasa a hankali, wata tana kuka don ta bar ɗankwalin anko a mota. A nan ne za ka san waɗanda suka iya da gaske, domin in an hau dandamali injin na rufa wa wasu asiri yana kuma tona wa wasu. Tsaya nesa kaɗan ka saurara, kar ka sa baki, kar ka gyara wa kowa ko da kai tsohon mawaƙi ne, ranar ba taka ba ce.

A ƙofa za a yi bincike, yawanci 'yan Birged ne, ƙungiyar yaran coci masu fareti, da yunifom ɗinsu tare da 'yan sa kai, kuma halin da ƙasa ta shiga ne ya kawo haka don haka kar ka yi musu tsawa, yara ne aka sa su aiki. Ka rage kaya, ƙaramar jaka ta isa, mota ko mashin a ajiye inda suka nuna ko da da ɗan nisa. Ruwan sha, hankici, canjin kuɗi ƙanana, fawa bank in kana da shi. Sutura kuma ka duba garin: Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, a Disamba rana na faɗuwa sanyi zai shige ka har ƙashi, sai da rigar sanyi, amma Numan ko Yola a watan Maris in ka sa kwat kai ka jawo wa kanka. Mata a riƙe ɗankwali don coci da yawa suna son a rufe kai, maza kuma a cire hula in an shiga ciki. Wani ɗan abu, in ka san launin ankon wata ƙungiya kar ka sa irinsa, in ba haka ba masu tsara zama za su tura ka layin 'yan teno, maza masu muryar sama, kana ji kana gani.

Wurin zama shi ne rabin jin daɗin, kuma shi mutane suka fi wasa da shi. Layin gaba ba naka ba ne, na fastoci da dattawa da alƙalai da manyan baƙi ne, in ka zauna za a zo a tashe ka a gaban jama'a lokacin da ko'ina ya cika. Gindin lasifika kuma shi ne mafi muni a duk ɗakin, domin abin da za ka ji makirfo ɗaya ne ko biyu da ke kusa da bakin wata mai soprano, wato muryar sama ta mata, sauran mutum talatin ɗin sun ɓace, ga ƙara mai huda kunne duk lokacin da wani ya matsa kusa da sifika, ka koma gida kanka na sarawa ka ce taron bai yi ba. Nemi tsakiya, kamar layi na shida zuwa na goma in cocin babba ce, kusa da hanyar tsakiya, inda muryar mutane da kanta take isowa kafin ta injin ta danne ta. Dalili kuwa mawaƙa ba a cakuɗe suke tsayawa ba, soprano gefe ɗaya, alto ɗaya gefen, maza a baya teno da bas kowa da ɓangarensa, in ka zauna can bango to murya ɗaya ce za ta yi ta dukan kunnenka. Daga tsakiya ne suke haɗuwa.

Ka ɗaga kai ka duba rufi kuma. Cocin da ke da kwano ba silin, da rana zafi ne kuma sauti yana ta dawowa, in ruwan Agusta ya sauko kuwa shikenan sai dai ka ga baki na motsi, a irin wannan ka ɗan matso gaba. In a fili ake yi ƙarƙashin kanofi, duba inda rana za ta koma ƙarfe uku ba inda take yanzu ba, duba inda aka ajiye janareto ka yi nesa da shi, sannan ka zauna ta inda iska ke kaɗowa daga wajen mawaƙa zuwa wajenka, don iskar hunturu tana kwashe waƙa ta kai ta gonar wani. Kuma in Allah ya sa wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa, janareto ya ƙi tashi, don Allah kar ka shiga sahun masu cewa ooo. Yi shiru. Ƙungiyar da ta iya ba ta tsayawa, ci gaba take yi, kuma sau da yawa minti biyun nan su ne mafi daɗi a duk yinin.

Toh an fara, ya ake sauraro? Yawancinmu soprano kawai muke bi domin ita ke ɗauke da karin da muka sani. Gwada wannan: aya ta farko ka ji kalmomin da waƙar gaba ɗaya, aya ta biyu ka manta da kowa ka bi 'yan bas kaɗai, ka ji yadda suke takawa a ƙasa, don bas shi ne tuwon, sauran miya ne, in babu shi komai daɗin sama ba ka ƙoshi. Aya ta uku ka nemo alto, wadda ita ce mafi wuyar kamawa kuma mafi wuyar yi, galibi tana zagaye a kan sauti uku ko huɗu ne kusa da juna, ba wanda ke tafa musu, amma ranar da suka kauce kowa zai ji wani abu ya yi tsami ba tare da ya san mene ne ba. Teno ba sai ka neme su ba, su za su neme ka, samari ne masu jini a jika kuma kullum akwai guda ɗaya da ya ɗauka shi kaɗai aka zo ji.

Ka riƙa kallon hannun kwaya masta da idon yaran. In idanunsu na kansa, za su shiga tare su fita tare, in kuwa rabi na kallon ƙasa rabi na neman mamarsu a cikin jama'a, za ka ji ƙarshen layi yana warwatsewa, wannan ya rufe baki wancan yana ja. Ka lura da inda suke numfashi, waɗanda suka sami horo ba sa yanka kalma gida biyu don shan iska. Ka lura da lokacin da aka ce su yi ƙasa da murya, don ihu kowa ya iya, amma mutum arba'in su yi waƙa a hankali kuma kowace kalma ta fito har layin baya, wannan sai an sha wuya. Akwai kuma wata dabara da alƙalai ke yi wadda kai ma za ka iya: in mai kibod ya ba su ki, wato sautin da za su fara da shi, sannan suka ci gaba ba kiɗa, riƙe sautin nan a ranka, in sun kai ƙarshe ka ji ko suna nan inda suka fara ko sun zame ƙasa. Gajiya da tsoro ke jawo zamewar, kuma har manyan ƙungiyoyi tana kama su.

Yana da kyau ka san yadda aka koyi abin da kake ji, sai ka fi ganin girmansa. Mafi yawan yaran nan ba su taɓa ganin takardar waƙa irin ta Turawa mai layi biyar ba, solfa ce, do re mi, ake rubuta musu da alli a allo, wasu ma ko ita ba su karantawa, da kunne suke ɗauka, kwaya masta ya rera wa kowane ɓangare nasa har ya zauna, yanzu kuma ya tura musu ta waya su yi ta ji a hanyar gona ko shago. Wata da watanni ana haɗuwa da yamma bayan makaranta da aiki, wani lokaci da tocilan waya, ba albashi ba alawus, ankon ma su suka tara kuɗinsa.

A gasa yawanci waƙa iri biyu ko uku ake yi. Akwai wadda aka ɗora wa kowa, daga Littafin Waƙoƙi ko wata ta Turanci, kowace ƙungiya sai ta yi ta. Nan ne jama'a ke fara hamma, wai waƙa ɗaya sau goma sha, ana fita sayen fiya wata. Ni kuwa a ganina nan ne wasan yake, domin sai abu ɗaya ya fito daga bakuna daban daban kake gane bambanci: waɗannan sun ruga da ita kamar ana korarsu, waɗancan sun ja ta har ta yi barci, wasu kuma sun same ta daidai har ka ji kamar yau ka fara jinta alhali tun kana yaro ake yin ta a jana'iza. Da yawan waƙoƙin littafin fassara ce, karin daga Turai ya zo aka zuba masa Hausa, ita kuma Hausa tana da gaɓa doguwa da gajera, don haka akwai wuraren da karin ke son jan abin da bai kamata a ja ba. Ƙungiya mai hankali ta san yadda take lallaɓa wurin har maganar ta fito kamar magana.

Sai waƙar da suka ƙirƙira da kansu, a nan kuma kalmomi za ka bi. Matasa ne, abin da ke damunsu suke faɗa, shaye shaye, rashin aiki bayan an gama makaranta, zaman lafiya da maƙwabta, iyayen da ba sa zuwa gona don tsoro, sai a ɗauko labarin Yusufu ko Daniyel ko Ayuba a jingina da shi. In ƙungiya ta fito daga yankin Mubi, Michika, Chibok ko Gwoza ka buɗe kunne da kyau, yawancinsu suna ƙanana lokacin da Boko Haram ta ci Mubi da hedkwatar EYN a Kwarhi a Oktoba 2014, wasu a gudun hijira suka girma, don haka in suna waƙar komawa gida ba a littafi suka karanta ba. Iyayensu mata na ZME, wato Zumuntar Mata, ƙungiyar matan cocin EYN, su ma da waƙa suka je Amurka a 2015 suka ba da labarin abin da ya faru.

Ta ukun ita ce ta yare da kayan kiɗan gida, kuma ita ce ke ta da ɗaki. Tulun nan da ake bugun bakinsa da soso, wanda yawanci daga wajen Zumuntar Mata aka aro shi da gargaɗin kar a fasa, da ganga da kuge da kacau-kacau, in an yi sa'a Berom su fito da kundung mai ƙahonin shanu a ƙasa, Bura su zo da tsinza. Mai bayarwa ta bayar sauran su amsa, ƙafa na tafiya tare. Ba ka jin yaren? Ba komai, amshin gajere ne, kafin zagaye na uku bakinka ya kama, ka yi tare da su. Ma'anar kuma ka tambayi na kusa da kai bayan an gama, ba ana cikin yi ba, za ka ga yadda tsohuwa za ta saki fuska ta fassara maka har da abin da ba ka tambaya ba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. Ƙungiyoyin cikin gari suna zuwa da motocin bas biyu, da riguna masu sheƙi, da kibod da jita da cikakken rukunin makaɗa, da magoya baya cike da layi biyar. Na ƙauye kuma su iso a bayan a-kori-kura da ƙura har gira, mutum goma sha biyu ko sha biyar, farar riga kowa da irin farinsa, sai a sa su farko lokacin da ɗakin ba kowa, ko daidai lokacin da aka fara raba abinci, ko can ƙarshe da manyan suka gama suka kwashe jama'arsu. Su yi waƙa wa kujeru. Alhali sau da yawa su ne suka fi haɗin murya, saboda ba su da injin da za su jingina da shi, a cocinsu babu wuta, dole kowa ya ji na kusa da shi, kuma tare suka taso tun suna Sande Sukul. In kana son ka ji abin da ba za ka samu a YouTube ba, wajensu yake. Don haka in 'yan cocinku sun sauka, ka tafa ka yi murna ka koma ka zauna. Ka duba takardar shiri ka ga sunan ƙauyen da ba ka taɓa ji ba, ka tabbata kana ciki lokacin da aka kira su, yunwa ba za ta kashe ka a minti goma ba.

Tafi da guɗa kuwa a yi su, taron murna ne ba makoki ba, sai dai a bari waƙa ta sauka tukuna. Akwai masu fasa ihu da zarar mai solo ta haura sama, su rufe daidai wurin da ta yi wata uku tana koyo, yarinyar ma ta rikice. Kuma kar a yi wa kowace ƙungiya dariya ko da sun ɓata sun sake farawa, wanda ya taɓa tsayawa gaban mutum ɗari biyar gwiwarsa na rawa ba ya dariyar nan. Waya kuma ka ɗauki waƙa ɗaya ko biyu daga inda kake zaune ka mayar aljihu, kar ka tashi ka tsaya tsakanin kwaya masta da yaransa kana neman kusurwa, kullum akwai mai ɗaukar bidiyo na taron, karɓi lambarsa daga baya. In za ka sa 'ya'yan mutane a Facebook ko TikTok, musamman inda suka yi kuskure, tuna cewa yara ne kuma gobe za su je makaranta.

Baiko za a yi, wataƙila ma fiye da sau ɗaya, shi ya sa na ce ka zo da canji don netwok ɗin tiransifa a irin wuraren nan ba abin dogaro ba ne. Liƙi kuma gara a bar shi, dokar CBN ta 2007 ta hana watsa naira da taka ta, kuma ko ba doka ba yana ɓata tsayuwar mawaƙa. In wata ƙungiya ta burge ka, nemi ma'ajinsu ko kwaya masta a waje ka damƙa masa a hannu ka ce a ƙara a kuɗin mota, ka ga yadda fuskarsa za ta yi, don wasu da bashin direba suka zo.

Abinci ba ya wuya, bakin ƙofa akwai masu masa da ƙosai da awara, kunun zaki da zoɓo, a Filato ka sami gwate da soyayyen dankali. Wanda Zumuntar Mata suka dafa a manyan tukwane na mawaƙan da suka zo daga nesa ne da baƙi, in kai ɗan gari ne bari su fara ci. In ɗanka ko ƙanwarka na cikin masu waƙa, ruwa mai ɗumi a fulas ya fi musu lemon kwalba mai sanyi, musamman da hunturu da maƙogwaro ke bushewa, wasu na haɗawa da citta da zuma, amma a ba su kafin a kira su layi, ba uwa ta bi yaro har dandamali da kofi ba. Masu jarirai ku zauna kusa da ƙofa nesa da lasifika, kunnen jariri ba ya ɗaukar ƙarar nan. Yara masu wayo kuma a kai su gaba su zauna a tabarma inda za su ga masu tulu da ganga, daga nan mawaƙan shekara goma masu zuwa ke fitowa.

Ɗan'uwa Musulmi da aka gayyata, ba wanda zai tilasta maka komai. In an tashi kana iya tashi ko ka zauna shiru, baiko ba dole ba ne, in lokacin salla ya yi ka faɗa wa mai masaukinka ya nuna maka masallaci mafi kusa ka je ka dawo, kujerarka na nan. In ka saba jin 'yan Islamiyya suna bayarwa suna amsawa a walimar sauka ko Mauludi, tsarin amshin ba zai zame maka baƙo ba. Kai kuma mai gayya, kar ka ajiye baƙonka ka ɓace wajen abokai, ka zauna da shi, kuma ranar da ya kira ka walimar 'yarsa ka je.

Sakamako shi ne wurin da taro ke lalacewa in ba a yi hankali ba. Alƙalai na duba shiga da fita, sutura, fitar kalmomi, haɗin murya, bin kwaya masta da kiyaye lokaci, don haka ƙungiyar da ta fi ta da jama'a tana iya zuwa ta huɗu saboda ta wuce minti da aka ba ta, ko rawa ta cinye numfashin waƙar. Kowace shekara sai an ce an yi son kai, wani lokaci ma da gaskiyar masu faɗa, ni kaina da za a bi tawa da an rage girman kofin nan an ƙara lokacin da babban alƙali ke bayanin inda kowa ya yi daidai da inda ya kauce, don wannan bayanin darasin waƙa ne kyauta kuma lokacin ne kowa ke surutu. Ka saurare shi. In naku ba su ci ba kar ka zuga yaran, su suna kallon fuskar manya ne kafin su san ko za su yi fushi.

Kafin addu'ar rufewa yawanci ana kiran duka ƙungiyoyi su haɗu su yi waƙa ɗaya, mutum ɗari biyu ko uku, na ɗaya da na ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, anko ya cakuɗe, a nan kam tashi za ka yi ka buɗe baki ko muryarka ta kwaɗo ce, ba mai jin ka. Sai dai don ka iya tsayawa har wannan lokacin dole ka shirya komawa tun da safe: ka yi magana da mai keke ko direba ka karɓi lambarsa, ka bincika ko akwai dokar taƙaita zirga zirga da yamma a garin, in hanyarku ba a bin ta da dare ka nemi wurin kwana wajen 'yan'uwa tun kafin ka taso, ko ku haɗa kuɗin mota ɗaya da mutanen unguwarku ku ce wa direba sai an yi albarka za a tashi.